Babur Daga Ikko, Lamba Daga Ringim

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yunin 2022, ta kuma ƙara wasu huɗu a watan Satumba, yaranmu da ke can suka shiga karyar da baburansu. Wanda aka kama a Ikeja ko Apapa ko Surulere, ɗauke mashin ɗin ake yi a kai shi inda ake niƙe su, shi da fasinjansa kuma su gurfana a kotu. Taubashina, ɗan kawuna da ya daɗe yana kabu-kabu a Agege, ya bugo min waya ya ce ya gaji da wasan ɓuya, zai koma kayan gwari a Mile 12, in ina son Boxer ɗinsa in zo in ɗauka a kan dubu 230. A lokacin sabo ya haura dubu 400 a Kano. Ni kuwa maganin dabbobi da na feshi nake sayarwa, Lahadi ina Gujungu, Alhamis ina Maigatari, sauran kwanakin ina bin ƙananan kasuwanni, kuɗin mota kuma ya fara cinye min riba. Ya ce zai iya ɗoro min shi a tirela in tara a Kano. Na ce a'a, zuwa da kai ya fi saƙo.

A tsakiyar Janairun 2023 na tashi, hunturu na kan ganiyarsa. Daga Ringim zuwa 'Yankaba ba abin faɗi. Da la'asar na shiga babbar bas a Sabon Gari a kan naira dubu 16, kujerar tsakiya, maƙwabcina wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan bokonmu. Tsakanin Kaduna da Abuja motar ta yi tsit, kowa ya kashe hasken wayarsa ba tare da an ce ya kashe ba, ga aikin hanya da ya sa ake ta karkatar da motoci hannu ɗaya. Sai da muka ga fitilun Zuba aka dawo da hira. Mun ƙetare gadar Murtala a Jamata cikin dare, gari ya waye mana bayan Okene, daga nan kuma sai daji kore shar har Akure da Ife da Badun. A Ikire mata suka yi wa tagogi caa da soyayyar ayaba mai barkono da manja, na saya na ɗanɗana, ban ƙara ba.

Na sauka a Berger da rigar sanyi biyu a jikina, kafin in kai Agege na jiƙe sharkaf da gumi. A gida mutane na kwana da kaskon wuta, a nan kuwa fanka ake nema. Taubashin nawa ya tare ni a ƙarƙashin gadar Pen Cinema, kallo ɗaya ya yi min ya fashe da dariya.

"Bawana, kai da wa za ku yi dambe da ka sha wannan sulke?"

"Ubangidanka ya zo, karɓi jaka," na ce.

Masaukinsu ɗaki ne guda a bayan layin dogo, mutum bakwai ke kwana ciki, wasu da dare wasu da rana. Wanka sai a gidan wanka na kuɗi. Amma Agege ba ta yi min baƙunta ba. Ga masallatai, ga masu goro, ga mai shayi Bazabarme da ke sauraren labaran safe da Hausa a rediyonsa, in ba don ƙarar jirgin Badun da ke wucewa ba sai ka rantse kana Fagge. Da safe suka kawo min burodin Agege mai nauyi da dafaffen wake da aka dame aka zuba masa baƙar miyar barkono. Wannan kam na ƙara, har na nemi a sake kawowa washegari.

Babur ɗin yana ɗaure da sarƙa a wani lungu, an lulluɓe shi da buhu. Ja ne, tankin ya ɗan loɓa ta dama, an ƙara wa kujerar tsawo da soso don ta ɗauki mutum biyu a baya. Bugu ɗaya ya tashi, ƙarar injin ba gargada, hayaƙi ba shuɗi. Lambar ta fara da GGE, haruffan Agege ke nan, an rubuta su da ja, alamar abin hawa na haya. Na ce ya kawo takardu. Ya zaro wata leda daga ƙarƙashin kujera, ciki duk kwafi ne da suka sha ruwa da rana, kuma sunan da ke kai na mace ne, Bayarabiya.

Ashe babur ɗin na biya-sannu-sannu ne. Haka yawancin yaranmu ke samun mashin a Ikko: mai kuɗi ya saya da sunansa, ya yi rajista da sunansa, ya ba ka a kan ka riƙa kawo wani adadi duk mako har ka cika kuɗin da aka yanka, wanda kan zarce kuɗin saye nesa ba kusa ba. Takardun asali suna hannun mai shi har ranar da ka gama. Taubashina ya ce ya gama biya tun kafin azumin bara, bai dai je ya karɓo ba, tunda a ganinsa ba wanda ke tambaya. A wajen hukuma kuwa mashin ɗin na Alhajiyar da sunanta ke kan takardun ne har gobe, shi ba shi da ikon sayar min da ko madubinsa.

Muka ɗauki shugaban layinsu, wani dattijo ɗan Gumel da ke jin Yarabanci kamar a can aka yanke masa cibiya, muka nufi Abule Egba. Alhajiyar tana da babban shagon sarin lemon kwalba. Mace ce mai jiki, da tabarau a kan hanci, tana zaune a kan kujerar roba tana ƙirga akwatuna. Ta sa aka kawo mana ruwa mai sanyi, sannan ta aiki yarinya ta ɗauko wata jaka. Da ta zazzage ta, sai ga takardun babura tari guda, kowanne an ɗaure shi da roba an rubuta sunan yaron da ke tuƙa shi a jiki. Ta riƙa ɗagawa tana ajiyewa gefe tana magana, dattijon na fassara min: wannan an kama shi a Oshodi, wannan a Mushin, wannan yaron ya gudu da shi garinsu tun watan Yuni, wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Ni da na zo da tunanin cewa masu ba da babur su ne ke shan jinin yaranmu, sai na ga ita ma dokar ta taɓa ta, kuma cikin waɗanda suka cuce ta har da namu.

Ta buɗe wani littafi mai baƙin bango, ta bi layi da yatsa, ta ce saura biyan mako biyu. Taubashina ya rantse ya biya ɗanta hannu da hannu. Aka kira ɗan a waya, ya amsa ɗaya ya musa ɗaya. Aka yi ta ja-in-ja har azahar, daga ƙarshe dattijon ya raba gardama, na cika dubu bakwai daga aljihuna don a wuce wurin. Na miƙa mata tsofaffin 'yan dubu-dubu ta ture hannuna. Babban Banki ya sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin 200 da 500 da 1000, sababbin kuma ba a ganinsu, saboda haka ta ce sai dai tiransifa. Muka zauna muna kallon wayarta har saƙon ya shigo.

Bayan nan ita da kanta ta jagoranci sauran aikin, kuma a wajenta na koyi yadda ake yi. Ta sa aka turo babur ɗin, ta kira makanikin da ke gefen shagonta. Ya jiƙa tsumma da fetur ya goge wuyan babur, daidai inda kan ke juyawa, sai ga lambar shasi ta fito, haruffa da alƙaluma 17, ta fara da MD2 kamar kowane Bajaj. Ya kwanta a ƙasa ya goge gefen injin ta hagu, kusa da giya, lambar inji ta bayyana. Ya ɗora farar takarda a kan kowacce ya goga fensir a hankali har lambobin suka fito fari a cikin baƙi. Alhajiya ta ɗora wannan takarda kusa da rasit ɗin dila da takardar shaidar mallaka, ta bi su harafi bayan harafi. A shagon buga takardu aka rubuta yarjejeniyar ciniki daga sunanta kai tsaye zuwa nawa, taubashina da dattijon suka zama shaidu. Yarinyar da ta buga ta sa 8 a inda ya kamata a sa B, Alhajiya ce ta gano, ta sa aka sake bugawa. Ta ba ni kwafin katinta na ɗan ƙasa da hotonta biyu, ta rubuta lambar wayarta a bayan yarjejeniyar, ta ce in wani ya tsare ni a hanya in kira ta ko tsakar dare ne. Abu guda ta roƙa, in na isa gida in cire sunanta daga kan mashin ɗin da wuri, don ba ta son wata rana a yi ɓarna da shi a wani daji a zo ana neman ta a Abule Egba.

Hawa babur daga Ikko zuwa Jigawa ba aikin mai hankali ba ne. A Kara ake samun mota, kasuwar shanun da ke bakin kogin Ogun a ƙarƙashin doguwar gada, da zarar ka fita daga Legas. Tirelolin da suka sauke shanu ba sa son komawa wayam. Muka yi ciniki da wani direba ɗan Haɗejia, dubu 15 na babur, dubu biyar nawa. Yaran mota suka wanke bayan tirelar da ruwan kogi, amma warin kashin shanu bai san da wannan ba. Aka tsiyaye man kowane babur, aka kwance madubai, aka jera su gefe da gefe aka ɗaure da igiyar da aka ɗaure ƙahon shanu da ita jiya. Babura sun kai goma sha, mu masu su muka zauna a kan katakan da aka gitta a sama. A Sabon Shagamu aka tsaya aka loda huhunan goro masu zuwa Mariri, ƙamshin ganyen ya ɗan sassauta mana.

Wani dattijo a cikinmu ya tuna mana da abin da ya faru a watan Agustan 2019, lokacin da aka tsare 'yan Jigawa 123 da babura 48 a cikin wata babbar mota a Legas, aka yi ta yaɗa hotunansu kafin bincike ya nuna neman abinci suka zo aka sake su. Ya ce da can shigowa ce ke da wuya, yanzu kuma fita ce.

Bai yi ƙarya ba. Daga Badun zuwa Oyo zuwa Ogbomosho, inda hanya ta tsuke manyan motoci ke bin juna kamar jerin gwano, shinge ba ya ƙarewa. Galibi yaron mota ne ke sauka ya gaisa da su a wuce. Amma mota mai babura a sama daban take, sai an haska tocila an ce kowa ya sauko da takardunsa. A wani shinge bayan Ilori, wajen ƙarfe biyun dare, masu kakin suka hau motar da kansu suna duba lambar inji ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina na miƙa ledata. Mutumin ya karanta yarjejeniyar, ya haska wuyan babur, ya haska takardar fensir, ya tambaye ni wace ce wannan matar. Na ce ga lambarta nan, a kira ta. Ya dube ni, ya mayar min da ledar, ya ce in ba shi na ruwa. Naira 500 ta raba mu.

Wani yaro ɗan wajen Argungu bai yi wannan sa'ar ba. Injin babur ɗinsa ya taɓa bugawa, ya sayi na hannu a kasuwar kayan gyara ya ɗora, bai karɓi rasit ba. Lambar da ke takarda daban, wadda ke jikin inji daban. Yana rantsuwa yana hawaye, kuma duk wanda ya kalle shi ya san gaskiya yake faɗa, amma ba abin da zai nuna. Aka sauke mashin ɗin. Direba ya yi magiya, muka yi karo-karo, aka kai ruwa rana har kiran assalatu, ba su saki ba. Yaron ya ce ba zai tafi ya bar abin da ya shekara uku yana tarawa ba, ya sauke jakarsa ya zauna a gefen titi. Dattijon nan ya ba shi lambar wani a unguwar Hausawa ta Ilori, muka haɗa masa abin da ya samu, mota ta tashi. Har muka ƙetare gadar Jabba ba wanda ya yi magana.

Daga Makwa direba ya ƙi bin Tegina da Birnin Gwari, ya ce ko kyauta aka ba shi man ba zai bi ba. Muka karkata ta Kutigi zuwa Bidda, inda muka ci shinkafa da miyar wake da kifi a wata rumfa, abinci mafi daɗi a duk tafiyar. Hanyar Agaie da Lapai zuwa Lambata kuwa ramuka ne da ɗan kwalta a tsakaninsu. Tirela na tangaɗi, babura na gogar juna, a nan fitilar bayan nawa ta fashe. Tankokin mai sun yi layi, wata ta faɗi ta tare rabin hanya, muka shafe yini a wurin. Da dare sanyi ya dawo mana da ƙarfinsa, rigunan da aka yi min dariya a kansu a Agege su suka cece ni, har na ara wa wani ɗaya. Muka kwana a Tafa a ƙarƙashin mota, muka wuce Kaduna da Mararrabar Jos da Zariya, muka shiga Kano fuska fari fat da ƙura.

A Mariri aka sauke mu tare da goron. Na sayi man kwalba a wajen 'yan bumburutu da tsadar da ba zan so in tuna ba, na ɗaura madubai, na kama hanyar Gezawa ni kaɗai. Wani ya roƙe ni in rage masa hanya na ba shi haƙuri, domin tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana goyo a babur a cikin birnin Kano, ga ni kuma da jar lambar Legas.

Ita wannan lambar ce ta hana ni sakat a gida. A Jigawa ba mu ga irin abin da Zamfara da Katsina suka gani ba, amma labarin ya iso ko'ina. A 2021 gwamnatin Katsina har hana sayar da tsofaffin babura ta yi a kasuwar Charanci. Baƙon babur mai baƙuwar lamba a hanyar ƙauye abin kallo ne, 'yan sintiri su tsayar da kai, mai unguwa ya aiko a tambaya. Ga alƙawarin da na yi wa Alhajiya. Don haka ina hutawa na fara zirga-zirgar rajista.

Farko kotu, inda na yi rantsuwa a rubuce cewa na sayi babur mai lamba kaza daga hannun wance, aka buga hatimi. Daga nan ofishin 'yan sanda, suka duba ko an taɓa kai rahoton sace shi, suka ba ni takarda. Sannan ofishin lasin. Tun daga bakin ƙofa 'yan kamasho suka yi min rumfa, kowa na cewa in kawo dubu 25 in koma gida, gobe lamba za ta same ni har ɗaki. Wani abokina ya taɓa bin wannan hanya, lambar da aka kawo masa kyakkyawa da ita, sai ranar da aka duba ta a kwamfutar hukumar kiyaye haɗurra aka tarar babu ita sam. Na ratsa su na shiga ciki.

Jami'in da na samu mutum ne mai natsuwa. Ya baje takarduna a tebur, ya ce, "Malam, wa ya shirya maka waɗannan?" Na ce wata Bayarabiya ce a Ikko. Ya ce da haka kowa ke zuwa da aikinsu ya yi sauƙi. Ya bayyana min cewa tunda ba haya zan yi ba, jar lamba ba tawa ba ce, shuɗiya ta masu abin hawa na kansu zan karɓa, kore kuma ta gwamnati ce. Hukumar kiyaye haɗurra ce ke buga lambobin, jiha ke raba su ta hannun hukumar tara haraji, haruffa ukun farko kuma na ƙaramar hukumar da aka yi rajista ne. Jami'in VIO, masu duba lafiyar abin hawa, ya fito ya sake duba wuyan babur da gefen inji, ya gwada birki, ya ce in gyara fitilar baya kafin ya sa hannu. Na je na gyara na dawo. Aka cika fom a kwamfuta da sunana da lambar katina na ɗan ƙasa, aka kwance tsohuwar lambar aka karɓe.

Biyan kuɗin ne ya zama aiki. Mun shiga Fabrairu, an ɗaga wa'adin tsofaffin kuɗi zuwa 10 ga wata, amma tsabar kuɗi ta ɓace daga gari gaba ɗaya. Bakin banki ya koma filin Idi, masu POS na karɓar ladan da ya kai kashi ɗaya cikin biyar, tiransifa kuma ta fita daga asusunka ta maƙale a sama. Kuɗin lambar naira dubu biyar ne a rasit, ga na lasin shekara da na takardar mallaka da na canjin suna, amma sai da na yi ta sintiri kafin biyan ya nuna a wajensu. Inshora kuma na tarar an ƙara mata kuɗi tun 1 ga Janairu, ta babur ta koma dubu uku, ta ƙaramar mota ta tashi daga dubu biyar zuwa 15. Jami'in ya nuna min yadda zan duba ta a waya in tabbatar ta gaske ce, don a nan ma akwai masu buga ta bogi a bayan gari.

Lambar ba ta iso ba sai bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu. Kafin nan da takardar wucin gadi nake yawo a aljihun gaba. Da ta zo, RNG ce da shuɗin rubutu, makanikin unguwarmu ya ɗaure ta da ƙusa huɗu ya kuma rage tsawon kujerar ya ɗora min kariya ta ɗaukar kwalayen magani. Na ɗauki hoton sabuwar takardar mallaka na tura wa taubashina ya kai wa Alhajiya, ta aiko da saƙon murya mai tsawo da Yarabanci, dattijon Gumel ya ce addu'a ce da kuma tambayar ko akwai wanda ya san garin yaron nan da ya gudu mata da mashin.

Da na zauna na haɗa lissafi, kuɗin mota da na tirela da na shingaye da cikon Alhajiya da na takardu, babur ɗin ya tsaya min a kusan dubu 300. Lasin tuƙi mai ajin A, na masu babur, shi na bari a ƙarshe. Na biya na shekara uku, an ɗauki hotona da zanen yatsuna a Dutse, an ba ni na wucin gadi mai kwana 60 kafin katin ya fito.